Mai Tafiya Arewa, Kada Zafin Agadas Ya Ruɗe Ka: Ɗari Na Jiran Ka a Gaba

Duk mutumin da aka ce masa ya shirya gobe za shi arewa, abu biyu ne ke fara faɗo masa a rai, watau rana da ƙishirwa. Ba mu ga laifinsa ba. Jihar Agadas, wadda ita kaɗai ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar, da zafi aka san ta, kuma a watan Mayu ma'aunin zafi a birnin Agadas yakan haye digiri 40 kusan kowace rana. Saboda haka sai mutum ya cika jarkarsa da ruwa, ya ɗaure gari da sukari da ganyen shayi, ya jefa riguna biyu ko uku marasa nauyi cikin jaka, ya ce ya gama shiri. Alhali kuwa akwai abokin gaba na uku da ke jiran sa a hanya, wanda ba ya fitowa sai rana ta faɗi, kuma ba ya jin magani sai tufafi. Shi ne ɗari.

Wannan magana ta shafi mutane da yawa. Akwai malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, haifaffen Gaya ko Dosso ko Maraɗi, wanda gwamnati ta aika Bilma ko Iferwan. Akwai ɗan kasuwa mai zuwa Tamanrasat, da saurayi mai neman aiki a Sabha ko wuraren haƙar zinariya, da ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Aljeriya, da mace mai goyo da za ta bi mijinta Arlit ko Dirku. Dukansu daga ƙasa mai zafi suke tasowa, kuma da yawansu a cikin zafi suke ɗaura kaya. Wanda gumi ke tsiyaya a jikinsa kuwa da wuya ya tuna da bargo.

Daga ina ɗarin ke fitowa?

Dalili na farko shi ne bushewar iska. A ƙasashen kudu, inda akwai laima da gajimare da itatuwa, zafin da ƙasa ta sha da rana ba ya tserewa da sauri, domin laimar nan tana rufe shi kamar mayafi. A hamada babu wannan mayafin. Da zarar rana ta ɓuya, sai rairayi da duwatsu su saki zafinsu ya tashi sama, ba abin da zai tare shi. Shi ya sa a watan Janairu za a ga ma'auni ya kusa digiri 28 da azahar a Agadas, amma kafin asuba ya sauko wajen 11 ko 12. Can cikin Tenere da Kawar abin ya fi haka. A Bilma, garin da bazara kan kai digiri 45 har ta wuce, an taɓa auna sanyi ƙasa da sifiri a watan Janairu na 1995, watau sanyin da ruwa ke daskarewa.

Dalili na biyu shi ne tudu. Masana yanayi sun tabbatar cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. To, Agadas tana bisa tudun da bai fi mita 500 da ƴan kai ba daga bakin teku. Amma ƙauyukan da ke bisa dutsen Bagzan sun haye mita 1,500, ƙololuwarsa kuwa, wadda ake kira Idukal-n-Tagas, mita 2,022 ce, kuma ba wurin da ya fi ta tsawo a duk ƙasar Nijar. Masu garake na can sun san daren da sukan wayi gari su tarar ruwan kwano ya yi ƙanƙara. Haka kuma Tamanrasat tana sama da mita 1,300, dutsen Asekrem da ke arewa da ita ya wuce mita 2,700. Wanda ya ci gaba har tuddan arewacin Aljeriya zai ga abin da bai taɓa gani ba: a garin Ain Sefra, bakin hamada, dusar ƙanƙara ta rufe tulin rairayi a 1979, ta sake a 2016 da 2018.

Dalili na uku, wanda aka fi rainawa, shi ne iska. Jikin ɗan Adam yana ɗumama ƴar iskar da ke manne da fatarsa, ita ce ke kāre shi. Idan iska mai ƙarfi ta kaɗa sai ta share wannan ɗumin, jiki ya sake ɗumama wata, ta sake sharewa, har ƙarfinsa ya ƙare. Mutumin da ke zaune bayan buɗaɗɗiyar mota mai gudun kilomita 80 a awa, a daren da ma'auni ke nuna digiri 5, abin da jikinsa ke ji ya yi daidai da sanyin da ke ƙasa da sifiri. Direba da ke gaba cikin gilashi bai san ana yi ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Turai da Amurka, idan lokacin hutunsu na zafi ya zo, watau Yuni zuwa Agusta, masu hali sukan shiga manyan jiragen ruwa su nufi arewa domin shan iska da kallon duwatsun ƙanƙara: wasu Alaska, wasu tsibirin Aislan, wasu gaɓar Norwe, inda jiragen kamfanin Hurtigruten ke kai da kawowa tun 1893. Su ma cikin zafi suke ɗaura kaya, su ma sukan ruɗu. A babban birnin Aislan, tsakar rana a watan Yuli ba ta cika wuce digiri 14 ba. Mai karatu ya auna: tsakiyar bazararsu kusan daidai take da asubahin Agadas a watan Janairu. Shawarar da kamfanonin jiragen ke ba fasinjojinsu kuwa ita ce kada su dogara ga ƙatuwar riga guda, su zo da riguna marasa kauri da za a sa wata bisa wata, a ƙara ko a rage gwargwadon yadda rana ta juya, da abin rufe kai da hannu, da ta waje mai tare iska da ruwa. Wannan shawara ba baƙuwa ba ce a Abzin. Masu ayarin gishiri sun daɗe da sanin ta, tun ba a ƙera jirgi mai inji ba.

Darasin ayari

Kowace shekara idan damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, Abzinawa, musamman Kel Ewe na wajen Timiya da Bagzan, sukan ɗaura wa raƙumansu kaya su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Su suna kiran wannan tafiya taglamt. Gero suke kaiwa, su komo da gishiri da dabino, sa'an nan bayan ɗan hutu su gangara ƙasar Hausa, Damargu da Damagaram har Kano, su ci sauran ɗari a can. Zuwa Bilma da dawowa ya fi wata guda. A tsakiyar hanya, bayan an wuce rijiyar da itacen Tenere yake a da (mota ta kaɓe shi a 1973, gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai), babu inuwa, babu itacen wuta, babu ciyawa. Sai an ɗauko ciyawar raƙuma daga gida, dami dami. Ana tashi da safe, ba a sauka sai dare ya yi nisa, har furar gero da cuku da dabino ma a kan tafiya ake shan ta.

A irin wannan tafiya kowane nauyi da lissafinsa. Kantu guda na gishiri ya kusa kilo 20, kuma wurin da aka aza akwatin tufafi, wurin kantu ne aka rasa. Don haka madugu da mutanensa ba su ɗaukar tufa sai wadda za ta yi aiki biyu ko uku. Wandonsu mai faɗi ne, riga mai faɗi bisa wata riga mai faɗi. Da rana iska tana shiga ta ƙasa ta fita ta wuya ta busar da gumi; da dare a ɗaure tsakiya da ɗamara, iskar da ke tsakanin rigunan ta tsaya ta ɗumama. Ga asirin nan da ya kamata kowa ya riƙe: ba ƙyallen ne ke ɗumama mutum ba, iskar da ƙyallen ya tsare ce. Riguna uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin tsakaninsu akwai ɗaki biyu na iska. Bargo kuwa da rana shimfiɗa ne bisa sirdi, da dare mayafi. In an sauka, sai a jera kaya da damman ciyawa ta wajen gabas maso arewa, inda iska ke fitowa, a kwanta a bayansu.

Wasu sukan yi mamakin ganin Buzu cikin baƙar riga a tsakar rana, tun da kowa ya san baƙi ya fi fari shan zafi. Wasu masana sun auna wannan da irin rigunan makiyayan hamadar Gabas ta Tsakiya, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 1980. Sun tarar lalle baƙar riga ta fi ɗaukar zafi, amma in tana da faɗi zafin ba ya isa fata, iskar da ke yawo a ciki tana fid da shi. Watau ɗinki ya fi launi muhimmanci. Matsattsiyar riga, fara ce ko baƙa, ita ce ba ta da amfani a hamada, da rana ta jiƙe da gumi, da dare ta yi sanyi kamar an tsoma ta a randa.

Sai uban tufafin duka, rawani, wanda Abzinawa ke kira tagelmust. Wanda bai sani ba yakan ɗauka ado ne kawai ko al'ada. Lalle al'ada ce, domin saurayi ba ya fara naɗa shi sai ya isa mutum, kuma kunya ce babba ya buɗe bakinsa gaban surukai. Amma a hanya aikinsa ya wuce nan. Ƙyalle ne mai tsawon mita huɗu ko biyar, wani ma ya fi haka. Yana kāre kai da ƙeya daga rana. Amawalin da ke rufe hanci da baki yana tace ƙura, yana kuma riƙe laimar numfashi, don haka maƙogwaro ba ya saurin bushewa, ƙishirwa tana raguwa. Da dare yana rufe kunne da wuya. In buƙata ta taso ya zama igiyar guga, ko matacin ruwan rijiya, ko abin ɗaure rauni, ko a shimfiɗa shi bisa sanduna ya yi inuwa. A ganinmu, duk wanda zai wuce Agadas zuwa arewa, ko Bahaushe ne ko Bazabarme ko baƙo daga bakin teku, ya sayi rawani ya roƙi wani ya koya masa naɗi tun a gari. Koyon naɗin rawani bisa mota mai gudu, cikin ƙura, aikin banza ne.

Abin sha'awa kuma, mafi darajar rawanin Abzin daga ƙasar Hausa yake fitowa. A garin Kura, kudu da Kano, ake haɗa siraran ƙore na saƙi a ɗinke su, a rina da baba har sau da yawa, a buga da shuni bisa gungume sai ya yi ƙyalli kamar ƙarfe. Shi ne turkuɗi ko ɗan Kura, wanda Abzinawa ke kira alasho. Shunin yana zuba a fata, abin da ya sa Turawa suka laƙaba musu sunan shuɗɗan mutane. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850, ya bi ayarin gishiri ya isa Kano a Fabrairu na 1851, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke saƙawa da rinawa tana sayarwa a waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya ga ana kai su har Gat da Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Gishiri ya gangara kudu, tufa ta hau arewa. Yau alasho na gaske tsada gare shi, sai ranar salla ko biki ko Bianu ake fito da shi, na yau da kullum kuwa yadin kanti ne, fari ko shuɗi. Ga matafiyi wannan ya wadatar, in dai auduga ce.

Abin da za a sa cikin jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bari mu bi jiki daga ciki zuwa waje.

Ta jikin fata ta zama mara kauri, mai dogon hannu, kuma a riƙe guda ta canji. Dalili kuwa, auduga tana da daɗi da rana amma tana riƙe gumi, kuma jiƙaƙƙiyar tufa tana janye ɗumin jiki fiye da busasshiya nesa ba kusa ba. Wanda ya yini yana gumi, ya canza ta ciki kafin magariba, ya shanya waccan. Wannan ƙaramin abu ya fi ƙarin bargo amfani. Bisa ta ciki sai suwaita ko wata rigar ulu, domin ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe. Ta waje kuma ta zama mai tare iska: kwat mai santsi irin na gwanjo, ko alkyabba, ko kashabiya irin ta mutanen Aljeriya mai hula a haɗe, wadda ake saƙawa da ulu ko gashin raƙumi. Suwaita kaɗai ba ta isa bisa mota ba, iska tana ratsa ta kamar rariya. Wando biyu, wani cikin wani, ba abin kunya ba ne.

Kada a manta da gaɓoɓi, domin su ɗari ke fara kamawa. Safar ƙafa biyu, safar hannu, hular sanyi a ƙarƙashin rawani, da tabarau saboda ƙura da hasken rairayi. Takalmin fata na Agadas mai faɗin ƙasa ba shi da na biyu a cikin rairayi, amma wanda zai hau duwatsun Bagzan ko ya kwana bisa mota yana bukatar rufaffe, kuma wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi a doguwar tafiya masifa ne. A ƙara da man kaɗe ko man shafawa, saboda kaushi da faso da tsagewar leɓe. Bargo kuwa, in da hali biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ko kuwa tabarma da bargo. Mutane da yawa sukan lulluɓe da duk abin da suke da shi su kwanta bisa rairayi tsirara, ba su san ƙasa ta fi iska satar ɗumi ba. Gwado ko luru na saƙin gida yana da kyau, sai dai bargon ulu ya fi shi ɗumi in an kwatanta nauyi da nauyi.

Mata sukan fi shan wuya, domin zane da ƴar riga da gyale ba su tare iskar mota. A sa wando a ƙarƙashin zane, a nemi mayafi mai kauri. Jariri kuma kansa babba ne in an kwatanta da jikinsa, ta nan ɗumi ke tsere masa, kuma ba ya iya cewa yana jin sanyi. A sa masa hula da safa, a riƙe shi a ƙirji cikin mayafi, kada a bar shi a goye a baya inda iska ke bugu. Tsofaffi ma haka.

Wani kuskure da ake yawan yi ba a saye yake ba, a ɗauri yake. Mutum ya sayi rigar sanyi mai kyau ya sa ta can ƙasan buhu, yaran mota su ɗaure buhun ƙarƙashin kayan mutum ashirin, a ja igiya. Dare ya yi, riga tana nan amma ba ta da amfani, domin ba direban da zai kwance lodi a tsakiyar Tenere saboda mutum guda. Kayan dare su kasance cikin ƴar jaka a hannu, kuma a sa su tun rana tana ja, kafin jiki ya huce. Tsare ɗumin da ke jiki ya fi sauƙi bisa ga nemo wanda ya tafi.

Kada kuma wanda zai tafi da damina ya ce wannan magana ta masu tafiyar ɗari ce. Daga Yuli zuwa Satumba hadari yakan taso bisa duwatsun Abzin ba zato, ruwa ya zuba, ƙoramu su cika cikin ɗan lokaci. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar Telwa ta farkon Satumba 2009 ba, wadda ta rushe gidaje masu yawa. Motar da ƙorama ta tare a hanyar Timiya ko Tabelot takan kwana a gaɓa har ruwa ya janye. Mutumin da ruwa ya yi wa dūka da la'asar a tudun mita 1,500, ya kwana cikin jiƙaƙƙun kaya iska tana kaɗawa, zai yi makyarkyata a tsakiyar watan Agusta. Maganin abin mai araha ne: a naɗe riga guda da wando guda cikin leda a ƙulle, kada a taɓa su sai irin wannan rana.

Hanyar mota

Raƙumi ya ragu, mota ta yawaita, amma hamada ba ta sake hali ba. Hanyar Libiya takan bi ta Dirku da Sigidin da Madama, ta Aljeriya kuma ta bi Arlit, mai nisan wajen kilomita 240 daga Agadas, sa'an nan Asamaka da In Gezam. A shekarun da matafiya daga ƙasashen yammacin Afirka suka yi ta kwararowa, ƴan kasuwar Agadas sun gane abin da baƙin ba su gane ba, har suka riƙa jera musu kayan hanya wuri guda: jarka da aka naɗe da buhu don ruwa ya yi sanyi, tabarau, safar hannu, hula mai rufe fuska, da rigar sanyi. Mutum ashirin ko fiye sukan zauna bayan Hilux guda, ƙafafu a waje, kowa ya riƙe sanda da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗi in barci ya ɗauke shi. Hannun da ɗari ya ƙandare kuwa ba ya riƙe sanda. Bayan da aka kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta hana safarar baƙin haure, aka kuma tsananta aiki da ita daga 2016, direbobi da yawa sun koma bin ɓarauniyar hanya da tafiyar dare, nesa da rijiyoyi. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023.

Ba muna cewa tufa ta fi ruwa ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance, waɗanda motocinsu suka lalace ƙishirwa ta kashe su. Ruwa ne farko. Amma ranar da mota ta mutu a inda babu ko kara, bargo da rawani su ne inuwar da za ta rage gumi da rana, su ne kuma ɗakin kwana da dare. Wanda ke da inuwa ruwansa ya fi daɗewa.

Inda aka fi ganin darajar tufa shi ne Asamaka. Shekara da shekaru hukumomin Aljeriya suna kwaso baƙi su sauke su a bakin iyaka, wurin da ake kira Point Zéro, daga nan su taka wajen kilomita 15 a ƙasa kafin su iso garin. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya fiye da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Da yawansu a wurin aiki ko a titi aka kama su, da abin da ke jikinsu kawai, kuma sau da yawa cikin dare ko da asuba ake sauke su. Abin da ma'aikatan agaji suka riƙa tarbar su da shi, bayan ruwa da abinci, bargo ne.

Ya kamata kowane matafiyi ya san alamun wanda sanyi ya ci ƙarfinsa. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne; in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Da fari mutum yana makyarkyata, haƙora suna haɗuwa. Daga nan magana ta fara sarƙewa, hannu ya kasa ɗaure igiya, ya riƙa jin barci. In makyarkyatar ta tsaya alhali jikinsa da sanyi, ba sauƙi ya samu ba, abin ya yi tsanani ne. A kawar da shi daga iska, a tuɓe masa duk abin da ya jiƙe, a raba shi da ƙasa, a lulluɓe shi har kai, wani mai ɗumi ya shiga bargon tare da shi. In yana cikin hankalinsa a ba shi shayi mai sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa da ƙarfi, kada a ba shi giya. Akwai kuma wani haɗari da ɗari ke jawowa a cikin gari: a shigar da kaskon gawayi ɗaki a toshe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A ɗumama ɗaki, a fid da kasko waje kafin a kwanta.

Ga ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki kuwa, takardar da suke karɓa tana faɗin gari da ranar kama aiki, ba ta faɗin yanayi. Malamin makaranta yakan isa Kawar ko Abzin a farkon Oktoba, lokacin da zafi bai gama sauka ba, sai ya ga kamar bai yi asarar komai ba da ya bar bargonsa a gida. Kafin ƙarshen Nuwamba iskar gabas ta taso, kuma ba za ta lafa ba sai Fabrairu ta ƙare. A ƙananan garuruwan nan kanti kaɗan ne, kome daga nesa yake zuwa, kuɗinsa ya ninka. Shugabannin ma'aikatu da suka taɓa zama can za su kyauta in suka gaya wa na ƙasa da su tun a Yamai ko a Agadas, inda dilolin gwanjo suke, kuma inda rigar sanyi ta fi araha kafin ɗari ya shigo kowa ya ruga nema. Wanda ya isa Bilma hannu sake, saƙon da zai aika gida a kawo masa bargo sai ya ratsa wajen kilomita 600 na rairayi daga Agadas, a ranar da aka sami mota mai zuwa.